Madubin Bindigar Athol Bannister

Saura kwana uku a buɗe farautar barewa, Athol Bannister ya buɗe akwatin ƙarfensa da safe ya tarar bindigarsa na nan, madubin hangen da ke kanta babu. Kafin ƙarfe tara ya kira ofishin 'yan sandan Bothwell, kuma bai jira an tambaye shi wa yake zargi ba. Dinny Hazelwood ne, in ji shi.

Saje Narelle Triffitt ta ajiye waya ranta a jagule. Duk garin an san Athol da Dinny, shekara hamsin suna farauta tare suna musun wa ya fi iya dafa shayi a daji. Dinny ba shi da gona, ba shi da tumaki. Harbin walabi, ƙananan kangaru masu ɓarna a gonakin mutane, shi ne abincinsa, kuma ranar da sunansa ya hau takardar sata, ranar za a karɓe lasisin bindigarsa. Mai shekara sittin da takwas ba ya koyon sabuwar sana'a.

Da ta isa gidan Athol, ta tarar akwatin na cikin rumfar bayan gida, kwaɗonsa lafiya lau. Athol ya ce makullin na cikin wani tsohon takalmi, kuma Dinny kaɗai ya ga inda yake, ranar Litinin da ya zo taya shi gwada saiti. Bindigar ta mahaifinsa ce, ta zamanin yaƙi, kotarta ta yi sulɓi don tsufa. Bana ne kawai ya yarda aka ɗora mata madubi, wai don na zamani ne, ba don komai ba. Yana faɗin haka yana kallon gefen kunnen Narelle.

Ta ɗaga bindigar ta kai bakin ƙofa. Zobba biyun da ke riƙe madubin suna nan daram a mazauninsu. An buɗe murafunsu, an cire madubin, an mayar, an ɗaure sukurori takwas ɗin duka, babu ko ƙwarzane ɗaya. Ta zare wani ɗan silin auduga da ya maƙale a jikin ɗaya, ta shinshina ƙarfen.

Matar gidan, Merle, ta kawo musu shayi. Duk bayan hannunta karcen ƙaya ne, irin na masu tsinkar baƙaƙen 'ya'yan sarƙaƙiya don dafa jam, maɗin da ake shafa wa burodi. Ta juya kunnen kofin ya taɓa yatsan mijinta kafin ta saki.

Narelle ta fara da Lyall Gleeson mai shagon kayan gona, shi ya sayar da madubin, shi ya zo gida ya ɗora mazaunin. Da ya ji an sace shi, ya yi dariya har da dafa kanta. Ya nuna mata irinsa guda biyar a kan kanta suna shan ƙura. Mai araha ne, ninki huɗu kawai yake jawo abu, kuma shi ya ba Athol shawarar haka: tsohuwar bindiga ba ta son gilashi mai tsada, zoben ƙarfe mai kyau take so, da mazaunin da ba sai an huda ta ba. Sai dai tana da shuri, tana kwance sukuru, shi ya sa ya ce a ɗiga wa kowanne jan farce ya bushe a kai.

“Da kai ne ɓarawon, yaya za ka cire shi?”

“Manyan notin nan biyu na ƙasa, Saje. Murɗa biyu, ka ɗauke madubi da zobbansa ka ƙara gaba. Wa zai tsaya wasa da ƙananan sukurori takwas? Ai madubi ba zobe wahala ka sato.”

Ta sami Dinny a bayan motarsa yana wanke wuƙa. Labari ya riga ta isowa, idonsa ya kaɗa. Ba gardama ya miƙa mata bindigarsa. Kowane sukuru a jikinta bakinsa a tauye yake, domin Dinny mutum ne da ya yarda ƙarfi ke gyara komai. Ya ce eh, shi da Athol suka ɗiga jan farcen, na Merle ne, ja jawur. Da ta tambaye shi yadda gwajin saitin ya kasance, ya daɗe yana goge wuƙar da ta riga ta bushe. Harsashi shida Athol ya harba, in ji shi, ko allon bai taɓa ba, kuma ya ce laifin zobba ne.

“Laifin zobban ne?”

“Ki rubuta ni na ɗauka in kin ga dama, 'yar nan. Bayan wannan ba za ki ji komai a bakina ba.”

Tausayinsa ya kama ta ƙwarai. Ta koma gidan Bannister da la'asar, ta tarar da Athol da Merle a kicin, kwalaben jam jere a kan tebur. Athol ya tambaya ko ta kama Dinny. Ta ja kujera ta zauna, ta yi bayani a hankali. Wanda ya san bindiga, da manyan noti zai fara. Wannan bai sani ba, ya bi sukurorin da idonsa ya gani. Da Dinny ne, da ya fasa jan farcen da ƙarfi ya bar guntayensa da ƙwarzane. Wannan kuwa ya narkar da shi da ruwan goge farce da auduga, ɗaya bayan ɗaya, har warin na nan. Sannan ya mayar da komai inda ya same shi, abin da ɓarawo ba ya yi.

“Inna Merle,” ta ce, “ina kika ajiye shi?”

Merle ta goge hannunta. Ta buɗe kwandon ɗinkinta ta fito da madubin, naɗe cikin tawul kamar jariri. Ba Saje ta kalla ba, mijinta ta kalla.

“Ka tuna ranar Talata ka shigo kana murna? Ka ce ka hango barewa a sarƙaƙiyar bayan rafi, ka ɗora mata saiti tsaf, ba don lokaci bai yi ba da ka kayar da ita.”

“Na gan ta kuwa. Ƙatuwa ce.”

“Ni ce, tsoho. Ina duƙe ina tsinka, da rigata mai ruwan ƙasa. Na ɗago na ga bakin bindigarka.”

Hannun Athol ya shiga lalube a kan tebur, ya ture kwalba ɗaya, Narelle ta tare ta. Merle ta ce ta kasa gaya masa, ta san abin da dajin nan yake a wurinsa. Ta ɗauka in babu madubi zai haƙura da bana, daga nan a ga likitan ido. Ba ta taɓa zaton zai kira sunan Dinny ba, kuma tun safe abinci ya ƙi shigar ta.

Narelle ta san wadda ba ta da lasisi ba ta da hurumin taɓa makullin nan. Ta kuma san abin da za ta rubuta: an ga kaya a gida, mai ƙara ya janye. Ta ce amma bindigar ba za ta kwana a rumfar nan ba, sai a wurin mai lasisi wanda ya amince da shi.

Hawaye suka bi gemun tsohon. Can ya samo hannun matarsa, ya bi karcen ƙayar da babban yatsansa.

“Mutum ɗaya ne zan ba wa bindigar babana,” ya ce, “in zai buɗe min ƙofa.” Ya laluba aljihu ya fito da makullin mota, ya ɗora a tafin hannunta. “Tashi mu je, Merle. Ke za ki tuƙa.”