Fuskar Auta a Bangon Unguwa

"Na shiga uku! Wannan ai ni ce!"

Auta ta dafe ƙirji tana kallon bangon bakin kasuwa da aka yaye wa ƙyalle yanzun nan.

Tun da manyan kantuna suka fara cinye unguwar, bangon nan kaɗai ya rage babu talla. Mai Inji, mai buga alluna da na'ura, ya so ya lulluɓe shi da tallar sabulu, kuma yana son Auta. Ita ko ta nace wa mahaifinta, Baba shugaban unguwa, har ya yarda Mai Zane, saurayin nan mai fenti har a kunne, ya zana masu sana'ar layin. In jama'a ba su so ba, a shafe, a ba Mai Inji.

To ga zane! Goggo mai kitso, fuskar Auta. Mai ɗinki, fuskar Auta. Tsoho mai gyaran rediyo ma gemun ne kawai nasa, wushirya da idanu kuwa... kai!

"Don me ka yi haka?" ta faɗa ƙasa-ƙasa, kamar ta nutse.

Mai Zane ya sosa ƙeya.

"Wallahi, hasken idona, su nake kallo... hannun ne ba ya jin magana."

Haushi ya kama ta, daɗi ma ya kama ta, ta rasa wanne za ta fara ji.

Mai Inji ya kece da dariya.

"Baba ka gani? Na'urata ba ta soyayya. A kawo farin fenti!"

Auta ta waiga ta dubi Baba. In aka shafe, aikin ya tafi, mai aikin ma ba zai sake taka ƙofar gidansu ba.

"Wa zai shafe?" Goggo ta ɗaure gyale a ƙugu. "Rabona da kumatu haka tun ina budurwa! Wanda ya taɓa ni, ni da shi!"

"Ni ma a bar ni," in ji tsoho. "Ga matata can, sau biyu tana kallona."

Baba bai yi dariya ba. Ya matsa ƙarshen bangon, inda aka zana shi, fuska murtuk, gira a haɗe, shi sak.

"Kai yaro! Kowa ka ƙawata shi, ni me na yi maka?"

"Baba... in na tuna ka, ko ita ba ta iya shigowa raina."

Wurin ya ɓarke da shewa. Auta ta rufe fuska, hawaye da dariya suka haɗe mata.

"Kina son wannan marar saitin?" Baba ya tambaya.

Ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsu.

"Baba, ai ba ni na ce ya zana ni ba..."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

"...Ina so."

Baba ya ja dogon numfashi.

"Bango ya zauna. Mai Inji, ka kai sabulunka gaba. Kai kuma ka turo manyanka, kafin ka raba min 'ya ga duk garin nan."

Ya juya zai tafi, ya tsaya, ya rage murya.

"Kuma ka ɗan sassauta min girar nan. Suruki ne ni yanzu."