Wufar da Ila Ya Ajiye a Kusurwa

Ka taɓa tambayar kanka abin da ke ƙarƙashin daɓen falonka kafin ka ɗora masa kaya? Ila bai taɓa ba.

Ila direban bas ne a Mando, kuma in ban da iyalinsa babu abin da yake ƙauna kamar kiɗa. Rediyonsa mai ƙananan sifika biyu ya daɗe yana ba shi haushi: murya tana fita tas, amma ganga sai ka ce ana buga gwangwani. Ranar wata Asabar ya shiga Babbar Kasuwa ya dawo da wufa mai araha, baƙin akwati mai nasa amfilifaya a ciki, wanda ake jona wa wuta daban, da rami a gaba inda iska ke fita.

"Ka sa ta a kusurwa, a kan tsurar ƙasa," in ji mai shagon. "Bango biyu su taya ta, ƙasa ta amsa."

Kusurwa ɗaya ce babu kaya a falon, ta yamma. Ladidi, matarsa, ta tuna masa cewa tsohuwar da ta sayar musu da gidan ko buta ba ta ajiyewa a nan.

"Ba ta da wufa ne," in ji Ila. Har 'yarsu Samira, da ba ta fi shekara goma sha biyu ba, ta taya shi dariya.

Da ya kunna, kofuna suka kama rawa cikin kabad. Irin wannan amo ba kunne kaɗai ke jin sa ba. Ta tafin ƙafa yake shiga, ya hau ƙirji ya zauna. Kullum Ila ya ajiye mota da la'asar sakaliya sai ya murɗe wufar, ba ya kashewa sai ladan ya kai rabin kira.

Wata magariba aka ɗauke wuta. Waƙa ta yanke, fanka ta tsaya. Ƙasa ba ta tsaya ba. Dum. Dum. A hankali, kamar ana daka a can ƙarƙashi.

Samira ta kara tafin hannu a bakin ramin wufar.

"Baba, numfashi take yi."

Ila ya fizge wayar daga soket. Dakan ya ci gaba.

Daga ranar gidan ya canza. Rana na faɗuwa tsakuwa za ta fara sauka a kan kwanon rufi, jiƙaƙƙiya, mai ƙarnin laka, alhali rabon garin da ruwan sama an daɗe. Ladidi ta riƙa jin kukan jariri daga kusurwar. Samira kuwa ta daina ci, ta daina zuwa Islamiyya. Sai ta zauna ta toshe kunnuwa da yatsu har su yi jini. Asibiti suka duba, suka ce ba su ga komai ba.

Ranar da ta dubi ubanta ta kira shi da sunansa tsura, da muryar da ta girmi kakarta, Ila ya tafi Doka ya ɗauko Malam Gambo mai ruƙiyya.

Malam ya zauna, ya dafa kan yarinyar, ya fara karatu. Hasken yamma yana janyewa daga taga. Can jikinta ya sandare.

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Mai rijiya."

"Babu rijiya a gidan nan," in ji Malam.

"Kun rufe bakinta da siminti, ban ce uffan ba. Kun yi falo a kaina, na haƙura. Sai wannan ya ɗora mini ganga a rufin ɗaki." Idon Samira ya juya kan Ila. "Ina da jinjiri. Yanzu in na kira shi ba ya waiwayowa."

Ladidi ta rufe baki da gefen mayafi.

"Bai sani ba," in ji Malam. "Za a ɗauke akwatin, a bar miki kusurwarki har abada. Yarinya ba ta yi miki komai ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"Kunne da kunne."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Ya daɗe yana yi, zufa tana ɗiga daga gemunsa, har muryar ta koma nishi.

"Zan fita... zan fita. Ta kunne."

"Ta ɗan yatsan ƙafa za ki fita."

"Ta kunne!"

Malam ya san ta kusa sallamawa. Ila bai sani ba. Abin da ya gani kawai shi ne jini yana silalowa daga kunnen 'yarsa zuwa wuyan rigarta.

"Ga nawa!" ya yi ihu. "Ni na kunna! Ki bi ta nawa!"

"Ila, yi shiru!" Malam ya daka masa tsawa.

Bakin Samira ya yi murmushi. "Na karɓa."

Wata iska mai sanyi ta wuce ta gefen fuskarsa. Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale jikin uwarta. Jim kaɗan ta buɗe ido, nata na gaskiya, ta nemi ubanta. Ya ga leɓɓanta sun haɗu sun rabu, sun sake haɗuwa sun rabu. Ya san kalmar. Bai ji ta ba.

Samira ta koma makaranta. Ila ya mayar wa mai bas makullinsa, don hanya ba ta karɓar direban da ba ya jin ham. Da yamma yakan zauna a falo ba takalmi, nesa da kusurwar yamma. Wani lokaci yakan ji wani lallausan bugu ta tafin ƙafa, irin na uwa mai jijjiga ɗanta.

Kai da ka dawo da sabuwar wufa cikin kwali, kada ka yi gaggawar warware waya. Je ka gaida tsofaffin unguwa, ka tambaye su me ke wurin kafin a yi ginin. Ka yi bisimilla kafin ka ajiye ta. In rana ta yi ja, don Allah ka kashe.