Auduga a Ƙeyar Mai Hoto

Sufeto bai kai ga zama ba Saje ya leƙo ofis ya ce an tsinci gawa a matakalar wani tsohon bene, bayan tashar mota. Ya dubi shayinsa da ke tururi, ya ja tsaki, ya suri makullin mota. Dama shi mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko abinci yake ci ƙafarsa na rawa.

Mamacin dattijo ne siriri, yana kwance a inda matakalar ta yi kwana. A benen yake haya, kuma duk unguwar ta san shi. Mai hoto ne, amma ba irin masu shago da labule ba. Shi titi ne wurin aikinsa: masu jiran mota, masu ciniki, mai gyangyaɗi a benci, duk yana ɗaukarsu ba su sani ba. Don tsokana ake kiransa Kar-ka-motsa, alhali bai taɓa ce wa kowa ya tsaya ba.

Wayarsa da walat ɗinsa suna aljihu. Kyamara ce babu, sai igiyarta a wuyansa, an datse ta tsaf kamar da almakashi.

"Fashi ne, Yallaɓai," in ji Saje.

"Ɗan fashin da ya bar waya da walat? Lallai mai tausayi ne."

Sufeto ya durƙusa ya juya kan dattijon a hankali. A ƙeyarsa, inda ya bugu da bakin matakala, an ɗora auduga an manne ta da filasta, aiki mai tsabta. Warin aidin ya daki hancinsa.

"Wa ya sa masa wannan?"

Masu haya suka dubi juna. Matar da ke share benen, wadda ita ta fara ganinsa da sassafe, ta rantse ko yatsa ba ta kai kansa ba. Babu wanda ya ce shi ne, kuma wannan ya dami Sufeto fiye da jinin da ke ƙasa.

Kafin su koma ofis har an kama mutum. Wani ƙaton ɗan dako ne da ake kira Tirela. A makon da ya wuce rabin tasha ta ga ya ci kwalar dattijon, yana cewa sai ya fasa kyamarar a kansa. Dalili kuwa, hotonsa yana barci a cikin baro, baki buɗe, ya zagaye wayoyin mutane.

"Ina kake jiya da yamma?"

"Ina gida, ranka ya daɗe."

"Matarka ta ce sai bayan duhu ka shigo."

Tirela ya sunkuyar da kai.

"Na je benen," ya ce da ƙyar. "Amma wallahi ban same shi ba. Na ƙwanƙwasa na gaji na tafi."

"Ka je ka ƙarasa abin da ka fara ke nan."

"A'a. Matata ce ta ga hoton, ta ce ya yi mata kyau, in karɓo mata na takarda ta kafa a ɗaki. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Saje ya kasa riƙe dariya. Sufeto bai yi ba, ƙafar mutumin yake kallo. A babban yatsansa akwai ciwo, an naɗe shi da wani baƙin tsumma.

"Wa ya ɗaure maka wannan?"

"Ni da kaina. Na ɗan ɗiga masa baƙin mai."

Sufeto ya fita ya nufi ofishin shugabansu. Shugaban bai ko ɗago kai daga takardun gabansa ba.

"Ya yi barazana a gaban jama'a, ya yi maka ƙarya, ya amsa ya je wurin. Me kuma kake nema? Gobe a kai shi kotu."

"Yallaɓai, mutumin da ke zuba baƙin mai a ciwonsa ba shi ya manna wannan audugar ba."

"To kawo min wanda ya manna. In ba haka ba, gobe."

A bakin ƙofar ofishin matar Tirela na zaune a ƙasa da tsohon ciki, ta rafka tagumi. Da ta ga Sufeto ta yunƙura za ta tashi. Ya ɗaga mata hannu ya wuce da sauri, don ba shi da abin da zai ce mata, kuma hakan ya ƙona masa rai.

Ya bi titin tashar shago bayan shago. Kowa ya san Kar-ka-motsa, kowa yana da hotonsa a wurinsa, amma ba wanda ya ga komai. A ƙarshe ya shiga kemis ɗin da ke kwana. Mai shi mutum ne fes-fes da farar riga da tabarau, unguwa na kiransa Dokta duk da ko ƙofar makarantar likitoci bai taɓa takawa ba.

"Allah ya jiƙansa, mutumin kirki," in ji Dokta. "Jiya dai ban sa shi a ido ba sam."

"Wani ya sayi auduga da filasta a nan jiya da yamma?"

"Babu. Kasuwar ma jiya sai a hankali." Ya gyara tabarau. "Ni dai na ji da kunnena lokacin da ɗan dakon nan ke cewa sai ya kashe shi."

"Fasa kyamara ya ce."

"To, ai duk ɗaya ne."

Sufeto ya fito yana kaɗa makulli a yatsa. Bai ji daɗin mutumin ba, amma ba a kai mutum kotu don bai kwanta maka a rai ba.

Da rana aka bugo daga asibiti. Wurin tuɓe gawar, an sami ɗan katin kyamara a cikin safar dattijon.

'Yar mamacin, malamar makaranta, ta iso daga wani gari idanunta sun kumbura. Ita ta buɗe musu ɗakin mahaifinta. Ɗaki ne ƙarami, an ja igiyoyi daga bango zuwa bango, hotuna na reto a jiki kamar shanya.

"Haka Baba yake," ta ce da ta ga katin. "Da ya gama aikin yini sai ya zare kati ya cusa a safa, ya sa sabo. An taɓa ƙwace masa kyamara a mota, tun daga nan ya ce a ɗauki ƙarfen, a bar masa mutanensa."

Ta sa katin a kwamfutarta. Sufeto ya tsaya a kanta, ya ƙi kujerar da ta ba shi.

Hotunan jiya suka fara wucewa. Kwandasta na rataye a ƙofar mota. Mai lemo tana ƙirga canji da baki. Wasu 'yan mata uku sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Na ƙarshe sun fi yawa, duk abu guda ne: wani tsoho a bencin jiran mota, ya riƙe wa matarsa ɗan madubi tana gyara ɗankwali, shi kuma yana kallonta yana murmushi. Mai hoton ya daɗe a kansu, ya ɗauka ya sake ɗauka.

"Koma baya," in ji Sufeto. "Ƙara girman can. A'a, can."

Suka bi hotunan ciki da bai. Babu mai sata, babu mai miƙa wani abu a ɓoye, babu ko mai harara. Sufeto ya buga tafin hannu a bango har hotunan igiya suka girgiza.

"An kashe mutum saboda kyamara, kuma babu komai a cikinta sai tsofaffi na soyayya. Wannan wane irin aiki ne?"

Ya zagaya ɗakin, ya dawo, ya sake zagayawa. Sai ya tsaya a gaban igiyar.

"Malama, mutum ya tsaya a gabanka da kyamara, ai ko yaya za ka ɗago ka dube shi. Ya aka yi a duk hotunan nan babu mai kallonsa?"

Ta yi wani ɗan murmushi mai ciwo, ta jawo aljihun tebur, ta ɗauko wani abu kamar gwangwani baƙi, mai gilashi a baki da wata kafa a gefe.

"Wannan ne sirrinsa, guda biyu gare shi. Yana ɗaura shi a bakin kyamara. Akwai madubi a ciki. Bakin yana kallon gaba, amma ta kafar gefen nan hoto ke shiga. Baba ba ya ɗaukar wanda ya fuskanta, Yallaɓai. Wanda ke hagunsa yake ɗauka."

Sufeto ya karɓa ya kara a ido, ya fuskanci malamar. Abin da ya gani Saje ne a bakin taga, yana sakace da tsinken ashana hankali kwance.

Ya sauke abin a hankali. A karon farko tun safe ƙafarsa ta daina rawa.

"Mun yini muna neman mutumin a cikin hoto," ya ce. "Ashe ba ya ciki. Saje, yar da tsinken nan, mu tafi."

A bakin titin tashar ya riƙe kwamfutar malamar a hannu yana matsawa gaba da baya, masu mota na yi masa hon, har benci da turken fitila suka zauna daidai yadda suke a hoton ƙarshe. Sannan ya juya ya bar bencin a hagunsa, ya ɗago kai.

Wani siririn lungu ne a gabansa. A ƙarshen lungun akwai ƙofar ƙarfe guda ɗaya, ƙofar bayan kemis.

Dokta na ba wata mata maganin tari lokacin da suka shiga. Sufeto ya jira ta fita, ya sa Saje ya tura ƙofa. Ya ajiye ɗan katin a kan kanta.

"Ka ce jiya ba ka ga mai hoto ba."

"Haka ne."

"Ya daɗe a tsaye a bakin lungunka, kyamararsa na kallon ƙofarka ta baya. Wannan katin jiya ne. A safarsa yake ajiyewa. Wanda ke cikin kyamarar sabo ne, babu komai a kai. Amma ai ka riga ka san wannan."

Dokta ya zuba wa katin ido. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Saje, duba firjin can da kwalayen baya."

Ba a wahala ba. Kyamarar na ƙasan firji, an naɗe ta a leda a bayan kwalaben allura. A ɗakin baya kuma kwalaye ne jibge na magungunan da wa'adinsu ya wuce, an kankare kwanan wata an manna sabo.

Dokta ya zame ya zauna a kan wani kwali.

"Zafi ne ya sa na buɗe ƙofar," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ina cikin manna takardun na ɗago, sai ga shi ya saita ni. Ya ɗauka, ya ɗauka, ya ƙi tafiya. Da yamma na bi shi benen, na roƙe shi ya goge. Ya ce shi bai ɗauke ni ba. Har dariya ya yi. Na zaci raina min hankali yake. Na ja kyamarar, ya ja, ƙafarsa ta zame."

"Audugar fa?"

"Jini yake zubarwa. Kullum akwai kayan a jakata. Hannuna ne kawai ya yi, ban ma yi tunani ba. Ina cikin mannawa na ji ya daina numfashi." Ya rufe fuska da tafukansa. "Na yanke igiyar na gudu."

"Ka kuma tsaya a nan da farar rigarka kana tura min ɗan dako."

Sufeto ya ciro waya ya kira ofis, ya ce a buɗe wa Tirela, a kuma gaya wa matar da ke bakin ƙofa ta tashi daga ƙasan nan haka. Sannan ya buɗe kwamfutar a kan kanta, ya juya ta.

"Zo ka ga abin da ka kashe mutum a kai."

Dokta ya taso da ƙyar. Ya ga tsoho da madubi, ya ga tsohuwa da ɗankwali. Ya danna na gaba, su ne. Ya danna na gaba, su ne dai. Ya fara dannawa da sauri har hotunan suka ƙare.

"Ina nawa?"

"Gaskiya ya gaya maka. Kyamararsa gefe take kallo."

Saje ya sa masa ankwa ya ja shi waje. Mutane sun fara taruwa, motoci na ta hon kamar kullum. A bakin motar 'yan sanda Dokta ya turje, ya waiwayo, fuskarsa ta jiƙe.

"Ko ɗaya babu ni?"

Sufeto ya buɗe masa ƙofa.

"Ko inuwarka babu," ya ce. "Shiga."