Gidan Unguwar Mayo

Wani yaro ɗan aji huɗu ya dawo Mubi da iyayensa daga Kano. Ranar da zai fara makaranta, Ummansa ta ja masa kunne.

"Idan rafi ya cika, kada ka tsallaka. Ka wuce gidan ƙawata Miriyamu, maman Adi ɗan ajinku. Suna can unguwar mayo."

Shi yaron "mayu" ya ji, kuma bai tambaya ba. A makaranta Adi ya ba shi gyaɗa, ya ƙi ci. Har ya raɗa wa 'yan aji cewa su Adi mayu ne. Yara suka guji Adi.

Wata rana bayan an tashi, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Rafin hanyar gidansu ya cika, yana ruri.

Wani mai keken haya da yaron ya tare ya ce, "Yaro, ko babanka ne gwamna ba na shiga!"

Kowa ya watse. Yaron ya dubi ruwa, ya dubi hanyar gidan su Adi. Ya ce gara ruwa.

Ya sa ƙafa. Ruwa ya fizge takalminsa. Ya ƙara taku, ruwa ya kai masa ƙugu. Sai aka damƙo rigarsa ta baya. Mama Miriyamu ce. Adi ne ya hango shi, ya ruga ya kira ta.

"Wayyo! Mama, kada ki cinye ni!"

"In cinye ka? Me zan ci a wannan ƙashi? Wuce mu tafi, ɗana."

A gida ta ba shi rigar Adi da kunu mai zafi. Ta kira Ummansa a waya. Umma tana ta kuka.

Mama Miriyamu ta ce mata, "Share hawayenki, yana hannuna. Amma wai ni mayya ce!"

Da yaron ya yi bayani, Mama Miriyamu ta yi dariya har da tari.

"Mayo rafi ne da Fulatanci! A bakinsa ni da uwarka muka yi wasa."

Adi dai bai yi dariya ba.

Washegari yaron ya miƙe a gaban aji. "Ƙarya na yi wa Adi. Adi, ka yafe ni."

Adi ya miƙa masa gyaɗa. Yaron ya karɓa, ya cinye tas.

Yara, in ba ku gane magana ba, ku tambaya. Kuma ƙawar uwa, uwa ce.