Wadda Babu a Takarda

A bakin wani tafki a gefen Gwiwa Lauwali ya fara ganin Saude, cikin daminar 1976, yana durƙushe cikin taɓo yana ɗura ruwa a kwalba.

"Malam, in ƙishirwa ce ga ƙwarya," ta ce. "Wannan 'yar kwalbar ko kaza ba za ta ƙosar ba."

Ya miƙe ya gyara murya. Shi ma'aikacin Cibiyar Binciken Lafiyar Jama'a ne ta jami'a, an turo su gano inda kurkunu ke shiga jikin mutane har ya kwantar da su a tsakiyar noma. Cibiyarsu, in ji shi, ba ta jiran marar lafiya ya zo asibiti. Ita ke bin sa har ruga, ta rubuta kowa da sunansa, ta gwada ruwan da yake sha. Ya ɗora mata gilashin ƙara girma a kan kwalbar, ta ga wasu ƙananan ƙwari suna tsalle.

"Su muke sha?"

"Su kuke sha. Ku riƙa tacewa da ƙyalle."

"To, Mai Kwalba. Takalminka dai ya tafi."

Takalmin kuwa ya tafi, taɓo ya haɗiye shi. Da ƙafa ɗaya a taɓo ya tambayi gidansu, ta nuna rugar Malam Daudu.

Nan kansa ya fara ɗaurewa. Jiya-jiya ya rubuta gidan nan, Malam Daudu ya jero 'ya'yansa biyar tsaf, babu Saude. Lauwali a Legas ya tashi, inda mahaifinsa ke akawun jirgin ƙasa. Ya san sunan kurkunu da Turanci, amma ya manta Bafulatani ba ya faɗin sunan ɗansa na fari.

Ya koma da takardarsa. "Baba, Saude 'yarku ce?"

Malam Daudu ya kalli shanu.

Lauwali ya ɗauka kunne ne ya yi nauyi, ya ɗaga murya. "Saude! Na ce Saude!"

"Ban san zancen ba. Tambayi ƙanena Halliru."

Baffa Halliru ya ce, "Ƙwarai, 'yata ce." Wane baffa ne zai ce ba haka ba? Lauwali ya rubuta ta a gidan Halliru, yana jin daɗin iya aikinsa.

Wata uku suna haɗuwa a kasuwar Roni inda take sayar da nono. Nonon da ya sha a watannin nan ya isa ya yaye maraƙi. Sai ran nan ya ji a tasha ana cewa Halliru ya ba Mamuda dillalin shanu 'yarsa, biki bayan kaka.

Ya koma masaukinsu a Kazaure, ya ƙi abinci, ya rubuta wasiƙa:

"Mai Ƙwaryata, na ji labari. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da Mamuda. Ni zan nemi a mayar da ni sashen sauro. Ki ci gaba da tace ruwa. Naki har abada, ko da yake ban san ko ya halatta ba, Lauwali."

Saude ta yi firamare a Roni, ta ba da amsa a bayan takardar:

"Mai Kwalbana, Hafsatu 'yar Baffa ce za ta auri Mamuda. Ni 'yar farin Malam Daudu ce. Kana ganin ƙwaron da ido ba ya gani, amma ka kasa ganin ubana. Sau uku ka kira masa sunana a gaban mutane. Ya ce marar kunya ba zai shiga zuriyarsa ba. Sai ka san dabara. Kada ka koma wajen sauro."

Lauwali ya karanta sau huɗu. Farin ciki zai yi ko kuka, bai sani ba, sai ya ci tuwon da ya ƙi.

Shekara guda yana zuwa rugar. Ya raba ƙyallayen tacewa, ya kai rahoto, cibiyar ta sa aka haƙa rijiya mai murfi. Da damina ta zagayo, a karon farko Malam Daudu ya yi noma da ƙafafunsa biyu, babu tsutsar da ake naɗewa a tsinke. Duk da haka gaisuwa kawai yake amsawa.

Ran wata Juma'a Lauwali ya zo da kawunsa daga Babura. Ya cire takalmi, da kansa wannan karon, ya durƙusa.

"Baba, na yi kuskure a aikina. Akwai mutum ɗaya a gidan nan da babu a takardata. A kansa muka zo."

Malam Daudu ya daɗe yana kallon shanu. Gemunsa ya ɗan motsa.

"Yanzu ka yi magana irin ta mutane. Halliru, ka ji da baƙinka." Ya miƙe, sannan ya juyo. "Ita waccan da babu a takardar, kada ka wahalar da kanka ka rubuta ta a nan. Ka je ka rubuta ta a gidanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da aka kai amarya Kazaure, Lauwali ya buɗe sabon shafi.

"Sunan matar gida?" ya tambaya.

"Tambayi Baffa Halliru," in ji Saude daga cikin mayafi.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, da ruwa mai tsabta.