Wadda Ba Ta Ganin Gefe

Wani dare mai gyaran famfo ya ji bututun da ke cikin bangon da ya raba su da maƙwabta yana nishi kamar tsohuwar akuya. Ya yi shiru, ya sake, har asuba. Da safe ya ɗauki sufana ya buga ƙofar maƙwabta. Ɗiyar tela mai gidan ta buɗe, da kofi a hannu.

"Famfonmu lafiya lau," in ji ta. "Ni ce nake ta sha. Ƙishi ba ya barina barci."

Ya koma bai gyara komai ba, sai lambar waya da ya samo.

Shi mai kunya ne, a gefen hanya yake tsayawa. Takan wuce shi ba ko kallo, amma mai shagon turare da ke tare gabanta kullum yana samun murmushi.

Ya tura mata saƙo: "'Yar Ƙishi, yau ma kin wuce ni."

"Wallahi ban gan ka ba, Sufanana. Ina ka tsaya?"

Da ya kawo maganar aure, innarsa ta ce atafau ba ta yarda ba. "Ina zaune bakin ƙofa ta wuce ni kamar turmi. Wannan ce surukata?"

Ciwon kai ya kai yarinyar asibiti, shi ma ya bi ta. Likita ya ce ta kalli hancinsa, ya kawo yatsa daga gefe sannu a hankali. Sai da yatsan ya zo gaban fuskarta ta gan shi. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton kai. Ashe a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake, ita ke tsara ruwa da kuzarin jiki. Tata ta kumbura ta danne jijiyar gani.

"Ko ƙari ne, ko garkuwar jikinta ce ta ɗauki halittar baƙuwa ta far mata," in ji likita. "In kumburin ya sauka da magani, na biyun ne."

Ya sauka.

Ranar da aka sallame ta, mai gyaran famfo ya lallaɓo Inna ya zaunar da ita can gefen ƙofa. Yarinyar tana isowa ta juya, ta durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

Inna ta kamo hannunta. "Tashi, Allah ya yi miki albarka. A sa rana."

Ran biki wata maƙwabciya ta dubi ango, ta dubi amarya.

"Wai yanzu da take ganin ko'ina, shi ɗin dai ta zaɓa?"

Kowa ya ci gaba da cin abincinsa.