Wasiƙar da Limbani Ya Karanta a Taron Litinin

Ranar da Limbani ya fara ganin Tiyamike, bulo ya saki a kan ƙafar hedimasta.

Asabar ce, duk ƙauyen ya fito aikin gayya, don iyaye sun rantse sakandarenmu ba za ta ƙara shekara babu ɗakin gwajin kimiyya ba. Maza na kwaɓa ƙasa, mata na jido ruwa, ɗalibai sun yi layi suna miƙa wa juna bulo hannu da hannu. Limbani ya juyo zai karɓa, sai ya yi ido huɗu da baƙuwar fuska, doguwar yarinya mai wushirya. Bulo ya suɓuce. Hedimasta ya yi tsalle da ƙafa ɗaya yana kiran sunan uwarsa.

"Kai, hannun naka na ado ne?" in ji yarinyar.

"Ke ce kika saki tun ban riƙe ba."

"Yaya za ka riƙe, ka saki baki kana kallon mutane?"

Ina wajen aka yi. Ni ce Malama Kalua, mai kula da tarbiyya a lokacin, wadda ko tari ta yi aji yake yin tsit. Ina da hannu a abin da zai biyo baya, kuma ba hannun alheri ba ne.

Tiyamike daga Mangochi ta zo, can bakin tafki. Uwarta mai shanya kifi ce, ta turo ta karatu wajen yayanta Bambo Mbewe, tun da a wajenmu maganar ɗa a hannun kawu take. Burin yarinyar ɗaya ne tak, ta zama likita.

Kafin zuwanta Limbani ke cin na ɗaya. Tana zuwa ya koma na biyu, kuma abin mamaki bai ji haushi ba. Sai ma ya koma binta da littafi, wai ta koya masa abin da na san sarai ya iya. Yana kiranta 'Yar Tafki. Ita kuma, in sun keɓe, Chambo take ce masa, sunan kifin da ya fi kowane daɗi a tafkinmu. Wannan sunan daga baya na san shi, lokacin da saninsa ba shi da sauran amfani.

A shekararsu ta ƙarshe su biyun suka je mana gasar kacici-kacici ta makarantun gundumarmu, Zomba. Makarantun kwana sun zo da bas-bas, namu a bayan motar masara suka je. Suka kuwa kayar da kowa, Tiyamike ce ta amsa tambayar ƙarshe tun mai tambaya bai rufe baki ba. Da suka dawo mata suka shimfiɗa musu zannuwa a hanya suna guɗa, aka yanka akuya, aka tuƙa nsima, tuwonmu na masara, a tukunyar biki. Bambo Mbewe ya wuni yana gaya wa duk wanda ya tsaya, "Ɗiyar ƙanwata ce fa. Kan gidanmu ta ɗauko."

A bayan kicin ɗin makaranta Limbani ya same ta da kwano a hannu.

"'Yar Tafki, in kin zama likita za ki san ni?"

"Ya danganta da ciwon da ka zo da shi."

"Na zuciya ne."

"Wannan ai ka daɗe da shi, kuma ban ga ya hana ka cin nama ba."

Ya yi dariya, sannan ya yi ƙasa da murya. "Da gaske nake. Ina son ki, Tiyamike."

"Na sani, Chambona. Ka bari mu ci jarrabawa tukuna."

Akwai wata al'ada da na tarar a makarantar, na kuma raya ta da hannuna. Duk wasiƙar soyayyar da aka kama, ranar Litinin a taron safe shugaban ɗalibai ke karanta ta da ƙarfi, har da sunan wanda ya rubuta. Muna cewa kunya ita ce magani. Shugaban ɗalibai a shekarar nan kuwa Limbani ne.

Saura sati shida jarrabawar fita, Chifundo, shugabar ɗalibai mata, ta kawo mini wata takarda da ta zaro daga jakar Tiyamike. Chifundo ta daɗe tana son Limbani, shi kuma ko kallo ba ta ishe shi ba. Ta san wanda aka rubuta wa, amma ba ta faɗa mini ba. Yarinyar kaɗai take so ta kayar.

Litinin ta zo. Ɗalibai ɗari huɗu a tsaye cikin rana, na miƙa wa Limbani takardar. Ya buɗe, ya ga rubutun, na ga ya tsaya ya ƙi farawa. Na ɗauka tausayi ne.

"Karanta mana," na ce.

Ya karanta.

"Chambona, jiya ka wuce ni ko kallo babu, na san nauyin karatu ne ya yi maka yawa. Kada ka karaya. Ina so mu tafi jami'a tare, kada ka bari in tafi in bar ka a baya. Duk sanda na gaji sai in tuna da kai, in ƙara shafi ɗaya. Taka har kullum, Tiyamike."

Fili ya kaure da ihu. Wasu na kiran "Chambo! Chambo!", wasu na riƙe ciki. Tiyamike tana tsaye a layin gaba, ba ta sunkuyar da kai ba. Limbani kawai take kallo, tana jira. Kalma ɗaya ta rage masa, ya ce ni ne. Amma shi maraya ne, coci ke ɗaukar nauyin karatunsa, kuma fasto ya sha gaya masa ranar da aka ji shi da mace, ranar an gama. Ya naɗe takardar ya miƙo mini, ya ce a tafi aji.

A ofis na tsare Tiyamike. Limbani na bakin ƙofa, kamar yadda aikinsa ya tanada.

"Wane ne Chambo?"

"Ba kowa, Malama."

"Ki faɗa, hukuncinki ya yi sauƙi."

"Ni na rubuta, ni za ki hukunta."

Na ba ta dakatarwar sati biyu, na aika a kira kawunta. Bambo Mbewe ya zo da kekensa yana huci, don labari ya riga shi zaga kasuwa.

"Uwarki ta ba ni amanarki, kin sa an kira sunan gidana a gaban 'ya'yan mutane? Haɗa kayanki."

"Bambo, sati biyu ne kawai," na ce. "Jarrabawa ta matso."

"Malama, kin yi naki. Bari in yi nawa."

Washegari ya sa ta a motar Mangochi. Ba ta rubuta jarrabawar ba. Na ce a raina zai huce ya dawo da ita, ban taka ƙafa na je gidansa ba ko sau ɗaya. Wannan shi ne abin da har yau na kasa yafe wa kaina.

Da sakamako ya fito, Limbani ya fi kowa a gundumarmu. Samari suka ɗaga shi a kafaɗa suka zaga ƙauye da shi. Yana ta kuka, mutane na cewa daɗi ne ya yi masa yawa.

Shekara bakwai suka wuce. Limbani ya gama jami'a, ya zama injiniyan ruwa a Blantyre. Tiyamike na bakin tafki tana juya ƙananan kifi a kan raga tare da uwarta. Manema sun zo, ta ce ba ta shirya ba. Chifundo ce, da abin ya daɗe yana cin ranta, ta nemo lambar wayar Tiyamike ta tura wa Limbani. Sai da ya yi kwana huɗu kafin ya iya rubuta layi ɗaya.

"'Yar Tafki, Limbani ne. Ina fata kina lafiya."

"Wane Limbani? Mai daɗin murya a taron safe?"

"Shi ne. Na cuce ki. Babu ranar da ta wuce ban tuna ba. Ki yafe mini."

"A gaban mutum ɗari huɗu ka karanta. Haƙurin ne za ka ba ni a waya, inda ba mai gani?"

"Gaya mini abin da zan yi."

"Ai kai ne na ɗaya a gunduma. Yi tunani."

Bayan wata biyu makaranta ta gayyace shi babban baƙo a ranar raba kyaututtuka. An kafa rumfuna, iyaye sun cika, Bambo Mbewe na sahun dattawa da sandarsa. Limbani ya miƙa kyaututtuka, uwaye na fitowa da rawa duk sanda aka kira ɗansu. Sai aka ba shi lasifika ya yi wa yara nasiha.

"An ce in gaya muku yadda na yi na fi kowa," ya ce. "Na fi kowa ne don wadda ta fi ni ba ta shiga ɗakin jarrabawa ba. Shekara bakwai da suka wuce na tsaya a nan na karanta wasiƙar Tiyamike. Ni aka rubuta wa. Ni ne Chambo. Ta rufa mini asiri, ni kuma na yi shiru aka kore ta."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Ni kuwa sai a lokacin na gane. Yaron da na miƙa wa takardar da hannuna! Bambo Mbewe ya miƙe, ya nuna shi da sanda, ya juya ya bar wajen.

Da yamma saƙon Tiyamike ya shigo wayar Limbani.

"An kira ni daga wuri biyar. Wai har muryarka ta yi rawa."

"Ta yi. Kin yafe?"

"Na fara. Ka zo Mangochi, ka taho da littattafan ajin ƙarshe. Sababbi, ba masu ƙazamin rubutunka ba."

Ya je. Ya same ta a gindin mangwaro, hannunta duk ƙayar kifi. 

"Kin rame, 'Yar Tafki."

"Kai kuma ka yi tumbi. Zauna."

Ya zauna a ƙasa da wandonsa na ofis. "Ki aure ni."

"Ba zan auri kowa ba sai na zauna jarrabawar nan. Ba don kai ba, don ni."

"Ko shekara goma ce zan jira."

"Kada ka cika baki, Chambo. Na san ƙarfin halinka."

Ya sunkuyar da kai, don ya san ya cancanci wannan. Ita ce ta miƙa hannu ta ɗago haɓarsa.

Sau biyu kawun Limbani yana zuwa neman aure gidan Bambo Mbewe, sau biyu ana barinsa a tsaye ko kujera babu. "Wanda ya tozarta mu sau biyu?" in ji tsohon. "Da farko da shirunsa, yanzu da bakinsa!" A karo na uku Tiyamike ce ta zo da kanta, ta durƙusa a gabansa.

"Kawu, shi yaro ne ya ji tsoro. Kai fa? Sati biyu aka ce, ka mayar da su shekara bakwai. Ko tambayata ba ka yi ba."

 Idon tsohon ya yi ja.

"Na ji kunyar kasuwa, na manta da ke, ɗiyata. Je ki ce su dawo."

Ta rubuta jarrabawar tana da shekara ashirin da shida, a tsakiyar yaran da suke ce mata anti. Sakamakonta ya fi wanda Limbani ya samu a zamaninsa. Ta shiga makarantar koyon aikin jinya, don ta ce doguwar hanyar likita ta wuce ta, uwarta ta tsufa, ga ƙanne. Da ta faɗi haka murmushi take yi, amma ni na san abin da aka ƙwace mata.

An yi baiko a gidan Bambo Mbewe, dangin ango suka ba da zakara, na amarya suka ba da kaza, aka sha thobwa, kunun zaƙinmu, har aka bar saura. Bayan wata uku aka ɗaura aure a coci, aka yi walima a filin makaranta, don duk ƙauyen ya ce bikinsa ne. Chifundo ce ta yi wa amarya kitso. Limbani ya riƙe hannun matarsa ya ƙi saki ko da za a ci abinci, har ta ce, "Chambona, da hannun nan fa zan ci."

Da rawa ta lafa na lallaɓa wajenta da sandata. Shekara da shekaru ina shirya abin da zan faɗa, duk ya gudu.

"Tiyamike, 'yata, ki yafe mini."

Ta kama hannuna biyu. "Na yafe, Malama, tun tuni. Ni ai na dawo." Ta matse su. "Amma wasiƙata ba ita kaɗai aka karanta ba. Sauran fa, suna ina?"

Na tsaya ina tuno su a tsakiyar kiɗan nan. 'Yan mata goma sha ɗaya a zamanina, kuma ban san inda ko ɗaya take ba.  Na dai ɗora hannu a kanta da na mijinta, na ce Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu kai irin na uwarsu, ya kuma haɗa su da malaman da suka fi ni.

"Amin, Malama," in ji Tiyamike. Ta share mini hawaye da gefen mayafinta, sannan mijinta ya ja ta suka koma fili.